Hajiya Dada da Innarmu: Jawabin Kwamiti a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Iyayenmu mata da ke zaune bisa tabarma nan gaba, malamanmu, wakilan iyayen ƙasa, mazajenmu da suka yi haƙuri suka zauna daga waje, 'yan uwa mambobi na Batsari da na Safana, da waɗanda suka yi sammako daga Ruma da Wagini da Runka da Zakka, sannunku da zuwa. Mun san halin da hanya take ciki, mun kuma san abin da kuɗin mota ya zama. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

A al'adarmu, wannan rana ta lissafi ce: nawa aka zuba, nawa aka ranta, wa ta biya, wa ta yi lamo. Ma'aji tana nan da littafinta, za ta karanto muku komai bayan mun sauka, kada wadda ta ce an ɓoye mata. Amma bana da kwamiti ya zauna, mun yarda cewa akwai wani bashi da ba ya cikin littafin ma'aji, kuma shi ya fi nauyi. Don haka jawabinmu na yau a kan tsofaffi biyu ne. Ɗaya duk Najeriya ta ji rasuwarta. Ɗayar kuwa ko mu da muke nata, sai da aka kwana biyu muka ji.

Ta farko ita ce Hajiya Dada, mahaifiyar marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua. Ta rasu a Katsina ranar Litinin 2 ga Satumba, 2024, tana da shekara 102. Ku tsaya ku auna wannan lissafi. Ke nan an haife ta wajajen 1922, lokacin Sarki Muhammadu Dikko yana bisa karaga, Turawa na mulki, ana kuma buɗe Kwalejin Katsina wadda ta yaye irin su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ta ga Dikko, ta ga Usman Nagogo da ya hau a 1944, ta ga Muhammadu Kabir da ya hau a 1981, ta ga Abdulmumini da ya hau a 2008. Sarakuna huɗu a rai guda. Ta riƙe kwabo mai huji da sule da fam, ta ga zuwan naira a 1973, ta kuma ga ranar da aka canja takardun kuɗi mutum yana da nasa amma ba ya iya taɓa shi. Lokacin da aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna a 1987, ita ta riga ta zama kaka da daɗewa.

Wata za ta ce: to, ina ruwanmu da matar babban gida? Mijinta Matawallen Katsina ne, Musa 'Yar'adua, malamin makaranta da ya zama minista mai kula da harkokin Legas a jamhuriya ta farko. Ɗanta Shehu ya zama na biyu a mulkin ƙasar nan a 1976, bayan kisan Murtala, bai ko kai shekara 35 ba. Ɗanta Umaru ya yi gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, sannan ya zama shugaban ƙasa. Ɗanta Abdul'aziz aka zaɓa sanatan Katsina ta Tsakiya a 2023, mazaɓar da Batsari da Safana ke cikinta. Mu da muke fama da kuɗin taki, me ya haɗa mu?

Mu ma haka muka fara gani. Sai da muka bar lissafin muƙamai muka bi lissafin uwa.

Ku duba. Umaru yana ɗan shekara 11, a 1962, aka ɗauke shi aka kai makarantar firamare ta kwana a Dutsin-Ma, nan maƙwabtanmu. Yau tafiyar ba komai ba ce, amma a wancan zamani babu waya, babu mota kowane lokaci. Duk wadda ta taɓa ɗaure wa yaro ƙunshin ƙuli-ƙuli da gari ta tsaya bakin zaure tana kallon bayansa, ta san abin da muke nufi. Daga can ya wuce Keffi, daga Keffi sai Zariya. Shehu kuwa aikin soja ya shiga, har Ingila aka kai shi horo, da yaƙin basasa ya tashi a 1967 yana cikin waɗanda aka tura fagen fama, kuma ba a daina wuta ba sai 1970. Kusan shekara uku uwa tana jin rediyo, ana faɗin sunayen garuruwan da ba ta taɓa gani ba, ta san nata yana can.

Wannan duk somin taɓi ne. A 1995 gwamnatin soja ta kama Shehu, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mai da shi ɗauri. Ranar 8 ga Disamba, 1997, ya rasu a tsare, a Abakaliki, can ƙasar Ibo, yana da shekara 54. Ba a gaban uwarsa ba, ba a ɗakinsa ba. Gawa aka kawo Katsina. A lokacin ita tana da wajen shekara 75, shekarun da mace ke sa ran 'ya'yanta ne za su ɗauki makararta.

Bayan shekara goma sai Allah Ya ɗaga ƙanensa zuwa kujerar da babu ta sama da ita a ƙasar nan. Kun tuna shi, mutumin da ya bayyana kadarorinsa a fili, wanda a zamaninsa litar mai ta sauko naira 65. (Mun ga wasu na murmushi. Ai dole.) Amma kujera ba ta hana ciwo. A Nuwamba 2009 aka fita da shi Jidda, aka dawo da shi a Fabrairu 2010, ranar 5 ga Mayu ya cika, yana da shekara 58. Kashegari aka kawo shi Katsina aka rufe. Ƙasa ta yi rashin shugaba, jaridu suka cika da maganar wa zai gaje shi. Ita kuwa tsohuwa mai shekara 88 ta sake zama bisa tabarmar karɓar gaisuwa, karo na biyu, don ɗan da ta yi wa wankan jego.

Kuma ta rayu shekara 14 bayan haka. Kusan shekara 27 bayan Shehu. Tana nan unguwar 'Yar'adua cikin birni, manyan ƙasa in sun shigo Katsina su biya su durƙusa su gaishe ta. Da ta rasu, abin da masu ta'aziyya suka yi ta nanatawa shi ne ibadarta da haƙurinta da yadda ta riƙe zuri'a. Mu dai abin da muka ɗauka shi ne wannan: tsawon rai ba hutu ba ne. Wanda ya daɗe ya ga daɗai, in ji masu magana, amma ba su ƙarasa ba. Wanda ya daɗe shi ke binne na bayansa. Katangar babban gida ba ta tare wannan ba.

To yanzu mu dawo gida.

Akwai uwaye a wannan rumfa da suka fi mu sanin wannan magana. Ba sai mun nuna kowa ba. Tun da ɓarayin daji suka mamaye Rugu, mata nawa ne a Batsari da Safana suka zauna bisa irin wannan tabarma? Daren Juma'a 14 ga Fabrairu, 2020, an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, da yawansu tsofaffi da ƙananan yara da ba su iya gudu ba. A Afrilun shekarar, mutum 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. 'Yar Gamji kuwa ba sau ɗaya ba. Waɗannan su ne aka ƙirga, aka faɗa a rediyo. Wanda aka tare a gona shi kaɗai, wanda aka biya kuɗin fansarsa bai dawo ba, uwarsa ce kawai ke riƙe da lissafinsa.

A cikin irin waɗannan uwaye ne Innarmu take. Ba za mu kama sunanta ba. Da ma ba mu taɓa kiran ta da shi ba, kuma ita kanta ba ta son a ambace ta a taro. Ko kyauta ta yi maka sai ta ce kada ka faɗa. Tsofaffin mambobi sun san wa muke nufi. Sababbi kuma, ku tambayi iyayenku a hanyar komawa.

Tun kafin a yi wannan ƙungiya, kafin rijista da hatimi da asusun banki, Inna ce uwar adashi. Ba ta yi boko ba, ba ta rubuta ko baƙi ɗaya na boko. Da ƙwayar gujiya take lissafi, kowace mace da ƙullinta a tsumma, kuma ba a taɓa jin kwabon wata ya shiga na wata ba. Da muka samu masu ilimi muka koma littafi, shekarar farko sai da aka yi rigima uku a kan lissafi. Inna tana gefe tana jan carbi, ta ce mu kawo littafin a karanta mata. Aka karanta. Ta ce layi na kaza an tsallake zubin mako guda, makon da aka yi sunan gidan wane. Aka duba, haka ne.

In ka tambaye ta shekarunta sai ta yi dariya ta ce ita da aka yi mata aure ana biyan haraji da sule. Ta ga fari na 1973 da 1974 da goyo a bayanta. Ta ga yunwar 1984. Ta ce a waɗannan shekaru ne ta koyi cewa mace ba ta barin tukunya ta kwana a wanke ƙal, ko ƙanzo ne a bar shi saboda yaron da zai farka da dare. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da rani kuma daddawa. Da wannan ta aurar da ɗiyanta mata, ta yi musu kayan ɗaki, ta kuma riƙe 'ya'yan kishiyarta da ta rasu ta bari, har ba ka iya gane wane ne nata wane ne ba nata ba. Ita ce ungozomar unguwa shekara da shekaru. Wasu daga cikin mazan da ke zaune waje yanzu da gemu, ita ta yanke musu cibiya.

Ba waliyyiya ba ce, kada mu yi mata ƙarya tana kabari. Inna tana da faɗa. In kin zo zubi a makare, sai kin gwammace ba ki zo ba. Ta daɗe tana adawa da injin matsar mai, wai mai na inji ba ya ƙamshi, sai da ciwon kafaɗa ya kama ta sannan ta sallama, ko a nan ma ba ta taɓa cewa mun yi gaskiya ba. Kuma da farko ba ta so a sa jikokinta mata a makaranta. Daga baya ita ce ke raka su har bakin ƙofa da sanda a hannu. Amma asuba ba ta taɓa ishe ta a kwance ba. Azumin Litinin da Alhamis sai da 'ya'yanta suka haɗu suka roƙe ta ta bari saboda jiki. Allah bai nufe ta da zuwa Makka ba. Sau biyu tana tara kuɗin, sau biyu wata lalurar gida ta cinye su, ba mu kuma taɓa jin ta yi gorin haka ga kowa ba.

Sai abin ya zo ƙauyensu. Ɗanta babba, wanda saboda alkunya ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce "wancan yaron", an same shi a gona. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni aka ɗauke ƙanensa. Aka sayar da shanun huɗa, aka sayar da gona guda, aka kai abin da aka ce a kai. Bai dawo ba. Inna ta kwaso jikoki ta shigo gari da ƙafa, suka zauna a ajin makarantar firamare tare da sauran 'yan gudun hijira, daga baya wani bawan Allah ya ba su aron ɗaki. Tana wannan hali ta koma suyar ƙuli a kaskon aro. Muka je gaisuwa, muna kuka, ita ce ke ba mu haƙuri. Ta ce Wanda ya ba ta su bai yi shawara da ita ba ran da Ya ba ta, don me za ta nemi Ya yi shawara da ita yau.

Yanzu ga bashin da muka ce.

Kun tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da namu biyu, aka rufe wasu kasuwanni, aka hana sayar da mai a jarka. Ciniki ya tsaya cik. Mata da yawa suka kasa zubi. Dokarmu ta ce wadda ta tsallake zubi uku a jere ba tare da ta aiko da uzuri ba, a ɗage sunanta har sai ta biya. Mun yi dokar ne da kyakkyawar niyya, saboda waɗanda ke kwasa su ɓace, kuma kun san an yi mana haka. Inna ta tsallake uku. Ba ta aiko ba, don babu waya, kuma ko da akwai, Inna ba mai cewa "ba ni da shi" ba ce. Muka zauna a kwamiti muka bi doka. Babu wadda ta ɗaga murya a cikinmu. Muka ja layi bisa sunan matar da ta koya mana adashi.

Ba ta yi ƙorafi ba. Da aka gaya mata, cewa ta yi doka doka ce, ita ma da haka za ta yi. Wannan magana ce ta kwantar mana da hankali, alhali ita ya kamata ta hana mu barci. Da aka raba tallafin jari a shekarar da ta biyo, sunanta ba ya cikin rijista, don haka ba ta samu ba. Muna ta cewa za mu je, za mu gyara, bari a wuce damina, bari a wuce salla. Jiki ya yi nauyi, ta daina fitowa. Jikarta 'yar shekara 12 ce ke ɗaukar farantin ƙuli tana zagayawa, yarinyar da Inna ke rakawa makaranta da sanda.

Ta rasu a daminar da Hajiya Dada ta rasu, 'yan makonni tsakani. Can birni jirage suka sauka, manyan ƙasa suka yi sahu. Ba mu ce bai dace ba. Ta cancanta, kuma Allah Ya jiƙanta. Nan kuwa maƙwabta ne suka haɗa kuɗin likkafani. Mu sai ranar sadakar uku muka ji. Da muka je, surukarta ta ɗauko mana wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin katifa, ta ce Inna ta ce in ta cika a ba ƙungiya. Muka kwance. Kuɗin zubi biyu ne cif, tsofaffin takardu a nannaɗe. Na ukun take tarawa.

Kuɗin suna nan wurin ma'aji. Ba mu sa su a asusu ba, ba mu kuma iya mai da su ba.

Iyayenmu, ku gafarce mu in mun tayar muku da abin da ya kwanta. Mun faɗa ne a gaban mazajenmu da 'ya'yanmu saboda kada gobe a ce kwamiti ya ɓoye laifinsa ya karanto na wasu. Mu muka yi, ba wata hukuma ba, ba wani mutum daga waje ba. Kuma da muka koma muka bi rijista tun daga farko, mun tarar ba ita kaɗai ba ce. Akwai sauran iyaye da aka ɗage sunansu ta wannan hanya, suna raye, wasu na riƙe da marayu. Wasu ma suna cikin rumfar nan yau, sun zo duk da haka, sun sha lalle sun ɗaura zanen taro.

Ga abin da kwamiti ya kawo gabanku, ku ne za ku amince ko ku ƙi.

Muna so a gyara dokar zubi uku. Kada a sake ɗage sunan kowa sai mutum biyu daga kwamiti sun taka sun je gidanta sun gani da idonsu. Aike ba ya wadatarwa, waya ba ta wadatarwa. Mai wasa da dukiyar mutane daban, wadda kunya ta hana ta magana daban, kuma ba a bambance su daga kan kujera.

Muna so duk macen da ta tsufa a cikin ƙungiyar nan, ko take riƙon marayu, sunanta ya zauna a rijista ko ta zuba ko ba ta zuba ba. Ba za ta kwashi adashin da ba ta zuba ba, wannan haƙƙin masu zubi ne, kada a fahimce mu a karkace. Amma duk wani rabo da ya zo da sunan ƙungiya, taki ne, iri ne, jari ne, da ita za a yi.

Sai na ƙarshe, wanda muka fi jin za a yi gardama a kansa, kuma gara a yi ta yau. Muna neman a riƙa cire wani abu kaɗan daga ribar injin niƙa da na matsar mai kowane wata, a ware shi don magani da abincin tsofaffinmu da kuɗin makarantar jikokin da ke hannunsu. Mun san riba ba ta da yawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, abin da inji ke sha ya kusa cinye abin da yake kawowa, kuma kowace ɗaya a nan tana da bakin da take ciyarwa. Wadda ta ce ba ta yarda ba, ba muguwa ba ce, kada a harare ta. Ku faɗi adadin da za ku iya ɗorewa a kansa, ko ƙanƙane ne. Ba mu son a yi alkawarin taro a tashi a manta. In kun amince, zubi biyun nan na Inna su ne za su fara shiga.

Yarinyar nan kuma, jikarta, mun yi magana da surukar, ta koma aji tun farkon zangon nan. Mata uku daga cikinmu suka ɗauki nauyin littattafai da kayan makaranta, sun ce kada a faɗi sunansu. Wannan hali kun san inda suka gado shi.

Allah Ya jiƙan Hajiya Dada, Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan 'ya'yansu da suka riga su, da duk namu da aka rasa a gona da hanya da daji. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Ruma da ƙasar Safana.

Bayan ma'aji ta gama karatu za a ɗaga hannu a kan maganganun nan uku, ɗaya bayan ɗaya. Sakatariya kuma za ta zauna bakin ƙofa da tsohuwar rijista. Duk wadda ta san wata uwa da aka ja wa layi, ko a wane ƙauye ta koma, ta tsaya ta faɗi inda take kafin ta fita. Ranar Asabar za mu fara zagayawa, kuma muna neman wanda zai ba mu aron babur.